Yadda Ake Saita Bawul ɗin Tsohuwar Mota a Gida

Mafi yawan masu tsofaffin motoci a Sakkwato ba sa tunawa da saitin bawul sai ranar da saman injin ya fara ƙara kas-kas-kas, sannan su kai motar gareji su ce wa bakanike ya kashe musu wannan ƙara. Idan aka yi rashin sa'a bakaniken mai gaggawa ne, sai ya buɗe murfin, ya bi sukurorin yana matsewa da kunne har ƙarar ta ɗauke, mai mota ya biya yana murna cewa injinsa ya koma sabo. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, bawul mai ƙara ya fi bawul mai shiru sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba, domin mai ƙara yana sanar da kai halin da yake ciki, shi kuwa wanda ya matse ba ya cewa komai har sai ya ƙone. Saboda haka wannan aiki na awo ne, ba na kunne ba, kuma duk mai haƙuri da ya iya riƙe sifana zai iya yin sa a gidansa cikin awa biyu zuwa uku.

A saman kowace silinda akwai bawul iri biyu: na shiga, wanda ke buɗe wa iska da fetur hanya, da na fita, wanda hayaƙi ke bi zuwa salansa. Kamshaf, wato sandar ƙarfe mai tudu-tudu da ke juyawa a cikin injin, shi ne ke danna su ta hanyar wasu ƙarafa da ake kira roka, sifirin kuma ya mayar da su su rufe. Tsakanin bakin roka da kan sandar bawul masu ƙera injin sun bar wata 'yar tazara da gangan, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, kuma da babu wannan tazara da bawul ɗin ba zai iya rufewa ruf ba bayan injin ya yi zafi. Yayin da mota ke tsufa, tazarar tana sauyawa ta fuska biyu. Idan kamshaf ko roka suka cinye, sai ta yi faɗi, injin ya riƙa ƙara, ƙarfinsa ya ɗan ragu. Idan kuwa fuskar bawul da mazauninsa ne suka cinye saboda dukan da suke sha shekara da shekaru, sai bawul ɗin ya ƙara nutsewa cikin tof silinda, wato ƙarfen saman injin da bawulolin ke zaune a ciki, sandarsa ta ƙara tasowa sama, tazarar ta ƙuntata har ta ɓace.

Wannan na biyun ya fi samun bawul ɗin fita, kuma shi ne mai tsada. Bawul ɗin fita yana aiki cikin wuta ne, kuma mafi yawan zafin da ya ɗauka yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan mazauninsa. Da zarar ya daina zama sosai, hayaƙi mai zafi zai riƙa kutsawa ta gefensa yana cin ƙarfen, silindar ta rasa matsinta, motar ta fara rawa a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba, ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya, daga ƙarshe kuma a ce sai an sauke tof silinda. Motar da ke ɗaukar fasinja da kaya tsakanin Sakkwato da Illela, ko Gusau, ko Birnin Kebbi, a tsakiyar bazara, tana cikin waɗanda wannan matsala ta fi saurin kamawa, don injinta yana daɗewa cikin matsanancin zafi a kowace tafiya.

Shin injinka yana buƙatar wannan aiki?

Ba kowane inji ake saitawa da sifana da sukudireba ba, kuma wajibi ne ka tabbatar da irin naka kafin ka kwance ko noti ɗaya. Akwai injunan da ke daidaita tazararsu da kansu ta hanyar ƙarfin baƙin mai, kamar na Golf 3 da Opel Vectra. Waɗannan idan suna ƙara, a duba mai da tafet ɗinsu, wato 'yan ƙarafan da ke daidaita tazarar, amma babu abin juyawa a cikinsu. Akwai kuma waɗanda ake daidaita su da wasu 'yan faya-fayan ƙarfe masu kauri daban-daban, kamar injin 4A-FE na Corolla da Carina, da 5S-FE na Camry mai lita 2.2. Waɗannan kana iya auna su a gida, amma gyaransu yana buƙatar kayan aiki na musamman da faya-fayai masu yawa da za a zaɓa daga ciki, don haka gara a bar wa gwani. Na uku su ne masu sukuru da noti a kan kowane roka, kuma su ne wannan bayani ya shafa: Honda Accord da Civic na shekarun 1990, Peugeot 504 irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, Hilux mai injin 22R, da makamantansu.

Zan ɗauki Honda Accord mai silinda huɗu ta tsakanin 1990 da 2002 a matsayin misali, wato waɗanda muke kira Hala da Buldog da wadda ta biyo bayansu, masu injin F22 ko F23, domin suna da yawa a titunanmu kuma saitinsu a fili yake. Injin yana da kamshaf ɗaya da bawul 16, huɗu a kowace silinda. Na fita suna gaba, wajen lagireto, na shiga kuma suna baya, wajen gilashi. Tazarar da kamfanin ya ƙayyade, injin yana sanyi, ita ce milimita 0.24 zuwa 0.28 ga na shiga, da milimita 0.28 zuwa 0.32 ga na fita. Civic mai injin D16 tana ɗaukar 0.18 zuwa 0.22 ga na shiga da 0.23 zuwa 0.27 ga na fita. Peugeot 504 mai fetur tana ɗaukar 0.10 da 0.25, ita ma a sanyi, kuma ka lura cewa ita tana ƙirga silinda ta ɗaya daga wajen giya ne. Injin 22R kuwa da zafinsa ake saita shi, a kan 0.20 da 0.30. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna maka cewa lambar wata mota ba ta yi wa wata aiki.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka sukan zo da wata takarda manne a cikin bonet wadda aka rubuta tazarar a kanta. Ka karanta ta, amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin motar da ta haura kilomita 300,000 a ƙasar nan da wuya a ce ba a taɓa sauya mata inji ko bonet ba. Lambar injin na ainihi an buga ta ne a jikin bulok, ta gaba, kusa da inda ya haɗu da giya. Ka goge wurin da tsumma ka karanta, sannan ka nemi tazarar da ta dace da wannan lamba.

Kayan aiki, lokaci da wuri

Abu mafi muhimmanci shi ne filageji, wato waɗannan siraran ƙarafa masu kauri daban-daban da ake aunawa da su. Ka sayi sabo mai tsabta wajen masu sayar da kayan gyaran mota, wanda lambobinsa ke karantuwa, kuma idan ka sami irin mai lanƙwasasshen baki ya fi shiga lungu. Ka kula sosai da abu ɗaya a nan: da yawa daga cikinsu suna ɗauke da lamba biyu a kowane ganye, ɗaya na inci ɗaya na milimita. Ganyen da aka rubuta wa 0.010 na inci shi ne milimita 0.25, kuma ba ɗaya yake da milimita 0.10 ba. Wanda ya rikita waɗannan biyun zai matse bawul ɗinsa fiye da kima da hannunsa, yana ganin ya bi ƙa'ida.

Bayan shi kana buƙatar sifana mai zobe lamba 10, sukudireba mai faɗin baki da ya cika tsagar sukurun sosai, soket lamba 10, soket lamba 19 da dogon hannu don juya karanshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa a ƙasan injin), soket ɗin fulogi lamba 16, sabon gasket na murfin bawul tare da robobin ramukan fulogi, gam ɗin gasket mai jure mai, tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare, tocila, alli, da takarda da biro. Idan za ka iya aron sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ka ara, domin tof silindar alminiyam ce kuma zarenta ba ya jure ƙarfin tuwo. Kada ka ce za ka mayar da tsohon gasket. Robar da ta shekara goma tana gasuwa ta riga ta ƙandare, kuma da ka ɗaga murfin za ta tsage.

Maganar sanyi tana da wata fuska ta musamman a garinmu. Ƙa'idar Honda ita ce kada zafin tof silinda ya haura digiri 38 a ma'aunin Salshiyos lokacin da ake awo. A watannin Maris, Afirilu da Mayu iskar Sakkwato kanta tana wuce digiri 40 da rana, ballantana ƙarfen motar da aka bari a fili. Don haka ka ajiye motar tun dare a inda za ka yi aikin, cikin inuwa, kada ka tayar da ita da safe ko na minti ɗaya, kuma ka fara bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, domin ka gama awo kafin hantsi. A lokacin hunturu sanyi ba matsala ba ne, ƙura ce matsala. Injin zai kasance a buɗe na tsawon awanni, kuma duk yashin da ya sauka a kan kamshaf zai koma yana goge ƙarfe daga baya. Ka nemi wuri mai rufi da kariya daga iska, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kuma tanadi ƙyalle mai tsabta da za ka rufe injin duk lokacin da ka ɗaga.

Buɗe injin

Ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi idan ta hannu ce ko a P idan mai sarrafa kanta ce, ka tare tayoyin baya da duwatsu, ka zare makulli, sannan ka cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi (-). Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton saman injin da wayarka, domin ranar farko mutum yakan manta inda wata 'yar tiyo ko wayar ƙasa take. Ka goge murfin da kewayensa da kyau. Ka sa wa wayoyin fulogi lamba daga ɗaya zuwa huɗu, silinda ta ɗaya ita ce mafi kusa da bel ɗin taimin da ke haɗa karanshaf da kamshaf, wato ɓangaren direba. Ka zare su ta hanyar kama robar kansu kana ɗan murzawa, kada ka ja wayar kanta. Tiyoyin da ke manne da murfin su ma ka bi su a hankali, don a tsohuwar mota sun bushe kuma suna karyewa ba tare da gargaɗi ba.

Ka leƙa ramukan fulogi da tocila. Idan akwai mai a ciki, robobin ramukan sun mutu, ka tsane shi da tsumma kafin ka kwance fulogin; idan yashi ne, ka hure shi da famfon taya. Sannan ka cire fulogin duka huɗu, ka jera su bisa tsari, domin in babu su injin zai juyu cikin sauƙi, kuma launinsu zai ba ka labarin kowace silinda. Ka kwance notocin murfin, ka tattara su da wasoshinsu cikin kwano ɗaya. Idan murfin ya manne, ka bubbuge shi da tafin hannu ko guntun katako, amma kada ka cusa sukudireba tsakaninsa da tof silinda, domin ƙarzar da za ta bari ita ce hanyar yoyon mai har abada. Daga nan ka cire murfin roba na sama da ke rufe bel ɗin taimin, domin ka ga fulin kamshaf, wato faifan da bel ɗin ke hawa.

Ka ɗan tsaya ka dubi abin da ka buɗe. Idan ƙarafan suna da launin ruwan zuma, an kula da mai. Idan ka ga baƙin dasƙararren datti ya lulluɓe ko'ina, kada ka kankare shi a nan, don gutsattsarinsa za su gangara su toshe matatar famfon mai. Ka bar shi, ka ƙudura sauya mai a kan kari. Ka duba tudun kamshaf ko akwai zane mai zurfi ko ramuka, ka kuma duba bel ɗin taimin ko ya tsattsage ko mai ya jiƙa shi. A wannan injin, idan bel ya tsinke fistin yana dukan bawul, saboda haka bel mai alamar gajiya ya fi saitin da ka zo yi gaggawa.

Kawo silinda ta ɗaya inda ake auna ta

Ana auna bawul ne kawai lokacin da yake rufe ruf, roka kuma yana kan bayan kamshaf inda babu tudu. Hanya mafi tabbas ita ce a kawo fistin kowace silinda ƙololuwa a bugun matsi, wato lokacin da yake matse iska da fetur, inda dukkan bawulolinta huɗu suke rufe. Ka karya sitiyari gaba ɗaya zuwa hagu, za ka ga kafa a cikin rumfar tayar gaba ta ɓangaren direba wadda soket lamba 19 zai bi ya kama notin fulin karanshaf. Idan ka ga sai ka cire tayar, to ka sa wa motar matokari mai ƙarfi, kada ka amince wa jak shi kaɗai.

Injunan F da D na Honda suna juyawa ne saɓanin hannun agogo idan kana kallonsu daga wajen fulin, kuma ta wannan fuska kaɗai za ka juya su. Juyawa baya yana saki bel ɗin, yana iya sa shi tsallake haƙori. Accord ta 2003 zuwa sama mai injin K24 ita tana bin hannun agogo ne, kuma bawulolinta na shiga suna gaba, don haka mai irin wannan mota kada ya ɗauki wannan sashe yadda yake. Ka juya a hankali har kalmar UP da ke jikin fulin kamshaf ta zo sama, 'yan tsagogi biyu da ke gefensa kuma su daidaita da saman tof silinda. Don ƙarin tabbaci, ka kama rokokin silinda ta ɗaya ka girgiza su sama da ƙasa. Ya kamata ka ji ɗan motsi da 'yar ƙara a kowanne. Wanda bai motsa ko kaɗan ba, alhali 'yan uwansa suna motsi, ka sa masa ido, shi ne irin wanda muka fito nema. Idan ka ɗan gota alamar kaɗan babu laifi, amma idan ka wuce ta sosai kada ka koma baya, ka ci gaba da juyawa har karanshaf ya yi zagaye biyu alamar ta dawo.

Awo da saiti

Ka fara da awo kafin ka kwance komai, kuma ka rubuta abin da ka samu. Ka zana layi biyu a takarda, kowanne da gurbi takwas, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Wannan rubutu shi ne zai gaya maka gaskiyar lafiyar injin, kuma shi za ka kwatanta da shi a karo na gaba. Ka goge ganyen filageji, ka shafa masa ɗan mai kaɗan, ka zura shi tsakanin ƙasan sukurun saiti da kan sandar bawul, a kwance sosai, domin idan ka karkata shi zai riƙe ka ɗauka tazarar ta matse alhali lafiyarta ƙalau.

Abin da ya fi ba sabon hannu wuya shi ne sanin irin riƙon da ake nema. Ya kamata ganyen ya shiga ba tare da an tilasta shi ba, ya kuma fito da ɗan ja mai laushi, kamar yadda ake zare takarda ɗaya daga tsakiyar littafi mai kauri da ke rufe. Idan yana yawo babu abin da ya taɓa shi, tazarar ta yi faɗi. Idan sai ka danna har ya lanƙwashe, ta matse. Kada ka dogara da jin hannu kaɗai, ka yi amfani da ganye biyu. Ga bawul ɗin shiga, 0.25 ya shiga da ɗan ja, 0.30 kuma ya ƙi shiga. Ga na fita, 0.30 ya shiga, 0.33 ko 0.35 ya ƙi. Duk bawul ɗin da ya cika wannan sharaɗi ka ƙyale shi yadda yake, domin babu amfanin kwance abin da ke daidai.

Wanda ya fita daga ƙa'ida kuwa, ka ɗora sifana lamba 10 a kan notinsa, ka sa sukudireba a tsagar sukurun ka riƙe, sannan ka sassauta notin kamar rabin juyi. Ka zura ganyen da ya dace, ka juya sukurun: bin hannun agogo yana rage tazara, saɓaninsa yana ƙara ta. Juyin da ake buƙata ɗan kaɗan ne ƙwarai, domin duk faɗin abin da aka yarda da shi milimita 0.04 ne, kuma kashi ɗaya cikin takwas na juyi ya isa ya fitar da kai daga ciki. Ka riƙa motsa ganyen gaba da baya da hannu ɗaya yayin da kake juyawa da ɗayan, har ka ji jan da ake nema. Daga nan ka riƙe sukudireba gam, kada ya motsa, ka ɗaure notin. Ƙarfin da aka ƙayyade wa wannan noti niyuton-mita 20 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wato ɗauri mai kyau da ƙaramar sifana ba tare da ka jingina jikinka ba. Wanda bai ɗauru ba zai kwance a kan hanya ya yi ɓarna, wanda aka wuce da shi kuma zai cinye zare.

Bayan ɗauri ka sake aunawa, kuma kada ka yi mamaki idan ka tarar tazarar ta sauya, domin notin yakan ja sukurun kaɗan yayin da yake kamawa. Ka lura da wajen da ta karkata, ka sassauta, ka bar mata wannan ɗan rarar tun kafin ɗauri, ka sake gwadawa. Bawul na farko yana iya cin ka gwaji uku ko huɗu, amma kafin ka kai silinda ta biyu hannunka zai gane. Ka sa ɗigon alli a kan kowane roka da ka gama da shi. A ganina, a injin da ya tsufa gara a ajiye bawulolin fita a tsakiya ko ɗan sama da tsakiya, wato 0.30 zuwa 0.32, tun da mun san cewa ƙuntata suke yi da tafiyar lokaci. 'Yar ƙarar da hakan zai bari ba ta cutar da komai.

Akwai wata yaudara da ta keɓanta da injunan da suka yi tafiya mai nisa. Wani lokaci ƙasan sukurun ko kan sandar bawul yakan cinye ya yi ɗan rami, sai filageji, da yake shimfiɗaɗɗe ne, ya haye bakin ramin ya nuna maka tazara ƙarama alhali ta gaskiyar ta fi haka. Alamarsa ita ce bawul ɗin da awo ya ce daidai yake, amma rokansa yana motsi fiye da na sauran kuma ƙararsa ba ta ɗaukewa. Idan ka yi zargin haka, ka kwance sukurun gaba ɗaya ka dubi bakinsa. Idan ya lotsa ko ya farfashe, sauya shi za a yi, matse shi ba magani ba ne.

Idan ka gama da silinda ta ɗaya, sai ka bi tsarin tashin wuta, wato 1, 3, 4, 2. Ka juya karanshaf rabin zagaye, kamshaf zai yi rubu'i, kalmar UP ta koma ɓangaren bawulolin fita. Nan ne za ka auna silinda ta uku. Ka ƙara rabin zagaye, UP ta koma ƙasa, tsagogin nan biyu su sake daidaita da saman tof silinda. Wannan ta huɗu ce. Ka ƙara wani rabin, UP ta koma ɓangaren bawulolin shiga, ka yi ta biyu. A kowane matsayi ka girgiza rokokin tukuna don ka tabbatar kana kan silindar da ta dace. Bayan duka goma sha shida sun sami alli, ka sake zagayawa da su gaba ɗaya karo na biyu, kana aunawa kana kuma taɓa kowane noti da sifana. Minti goma sha biyar ne, kuma a nan ake kama notin da aka manta. Ka cire soket daga fulin karanshaf, ka kuma tabbatar notinsa bai sassauta ba, tun da fuskar da ka riƙa juyawa ita ce fuskar kwance shi.

Rufewa da gwaji

Ka mayar da murfin bel ɗin taimin. Ka cire tsohon gasket daga murfin bawul, ka wanke kwarin da yake zama da ɗan fetur a tsumma, nesa da wuta, ka sauya robobin ramukan fulogi, ka zaunar da sabon gasket ko'ina ba tare da ya murɗe ba. Ka goge fuskar tof silinda har ta bushe. Gam ba a shafa shi kewaye. Ana ɗiga shi kaɗan ne a kusurwoyin da gasket ɗin ke hawa kan tudun mariƙin kamshaf a ƙarshen injin, domin nan ne roba ba ta iya cika lungu. Wanda ya yawaita shi, rarar za ta matso ciki ta gutsure ta bi mai. Ka ƙirga kayan aikinka da tsummokinka kafin ka ɗora murfin. Ka ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe, a gicciye, cikin zagaye biyu ko uku, ƙarfinsu bai wuce niyuton-mita 10 ba. Waɗannan su ne notocin da aka fi tsinkewa a wannan aiki. Fulogi kuma ka fara murza su da yatsu har su zauna kafin ka sa musu ƙarfi, niyuton-mita 18 ya ishe su. Ka mayar da wayoyi bisa lambobinsu, da tiyoyi, da wayar ƙasa, da kan batir, ka ba gam ɗin kamar rabin awa.

Ka duba ma'aunin mai, sannan ka tayar da injin ka bar shi a silo har fanka ta tashi. Abin da ya kamata ka ji shi ne 'yar ƙara siririya mai tafiya daidai, wadda ke raguwa yayin da injin ke ɗaukar zafi. Idan akwai guda ɗaya mai ƙarfi da ta fita daban, wani bawul ya yi faɗi ko notinsa bai kama ba, ka kashe, ka bari ya huce sosai, ka sake buɗewa. Ka zagaya gefen murfin da tocila kana neman yoyo, ka sake dubawa bayan tafiyar kwana biyu. Ka sani kuma cewa ba kowace ƙara ce ta bawul ba: nozul na fetur suna da tasu ƙarar, bututun hayaƙi da ya tsage a kusa da injin yana yin mai kama da ita musamman da safe, ƙara mai nauyi daga ƙasa kuwa maganar metal ce, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ko ƙarancin ƙarfin mai, kuma wannan ba ta jira.

Ka koma ga takardarka. Idan a awon farko ka sami bawul ɗin fita da tazararsa ta ragu ƙwarai ko ta ɓace, saitin da ka yi ya ba shi dama, amma bai tabbatar da cewa bai riga ya fara ƙonewa ba. Ka sa a auna matsin silindodin huɗu. Idan wadda ke da wannan bawul ta yi ƙasa sosai da sauran, aikin tof silinda ne, kuma gara a yi shi kafin ya tsaya da kai a hanya. Idan matsin ya yi daidai, ka sake auna wannan bawul bayan kamar kilomita 5,000, domin wanda mazauninsa ke nutsewa zai sake ƙuntata da sauri. Idan kuwa duka sun fito kusa da ƙa'ida, ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita a takardar, ka ajiye ta tare da takardun motar, ka sake dubawa bayan kamar kilomita 40,000, ko ƙasa da haka idan motar ta haya ce mai doguwar tafiya kullum.